Injin Katako Mai Ayyuka Da Yawa: Lissafin Riba Da Asara Ga Ƙananan Kafintoci A Fatakwal, Anacha Da Inugu

FATAKWAL — Tsadar haya, ƙarancin wutar lantarki da faɗuwar darajar naira sun ɗora wa ƙananan kafintoci da ke zaune a unguwannin Hausawa na Fatakwal, Anacha da Inugu wata tambaya wadda amsarta ke iya ɗaga sana'ar mutum ko ta cinye masa jari. Tambayar ita ce ko ya dace kafinta mai aiki a zaure ko rumfar ƙofar gida ya mallaki injin katako mai ayyuka da yawa, ko kuwa ya ci gaba da ɗaukar katakonsa zuwa wurin masu manyan injuna a kasuwa yana biyan ladan yanka da filenin.

Kuɗin sayen injin shi ne abin da kowa ke fara dubawa, amma abin da ke yanke hukunci a kan riba shi ne yadda aka daidaita injin da irin wutar da ke unguwar, da irin katakon da ke kasuwa, da kuma yawan aikin da ke shigowa shagon. Akasarin waɗannan injuna an ƙera su ne domin ƙasashen da wutarsu ba ta yankewa kuma katakonsu busasshe ne, saboda haka da wuya wani daga cikinsu ya yi aiki yadda ya kamata a kudancin Nijeriya ba tare da an yi masa sauye-sauye ba. Wasu sauye-sauyen suna ƙara wa injin rai, wasu kuwa suna jawo ƙonewar moto ko asarar yatsu.

Abin da injin ya ƙunsa

Injin mai ayyuka da yawa gangar jiki ɗaya ce ta ƙarfe wadda aka haɗa wa ayyukan da a babbar masana'anta injuna huɗu ko biyar ke yi. Akwai zarto mai kewayawa domin tsaga katako da yanke shi. Akwai wuƙaƙen filenin masu share fuskar katako ta miƙe ta yi sumul, sannan a ƙarƙashinsu akwai wurin da ake tura katakon domin kaurinsa ya zama ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. A gefe akwai wurin huda ramukan da ake haɗa ƙafafun tebur ko firam ɗin ƙofa, kuma manya daga cikinsu suna da wata sanda a tsaye mai fitar da ado a gefen katako.

Dabarar ta daɗe. A Amurka, injin Shopsmith wanda ya fito a shekarar 1947 ya yi suna wajen masu aikin katako a gida, domin ya haɗa ayyuka biyar a wurin da bai fi na keke ba. A Turai kuwa kamfanoni irin su SCM na Italiya, Felder na Ostiriya, Robland na Beljiyam da Kity na Faransa sun ƙera nasu domin ƙananan shaguna. A shekarun baya-bayan nan injunan ƙasar Sin, irin samfurin ML393 da danginsa, sun cika kasuwannin Afirka saboda sauƙin kuɗinsu.

Akwai bambanci guda wanda ya wajaba mai saye ya sani. Manyan injunan Turai sukan zo da moto uku, kowane aiki da nasa, tare da makunnin da ke zaɓar wanda zai tashi. Ƙananan masu araha kuwa moto ɗaya gare su, yana juya sanda ɗaya wadda ke ɗauke da wuƙaƙen filenin a tsakiya da zarto a gefe. Ma'anar wannan ita ce duk lokacin da aka kunna injin domin yanka, wuƙaƙen filenin ma suna gudu, haka kuma idan ana filenin zarton na gudu.

Dalilin da ya sa ya dace da zaman baƙunci

Zaman Hausawa a waɗannan garuruwa ya samo asali ne daga fatauci da layin dogo. An gano kwal a yankin Udi a shekarar 1909, aka haɗa Inugu da tashar jiragen ruwa ta Fatakwal da layin dogo a 1916, daga baya layin ya zarce Arewa. Fataken shanu, goro, albasa da wake suka kafa unguwanni, waɗanda Ibo ke kira Ama Awusa, kowace da Sarkin Hausawanta. Zaman ya yi ƙarfin da Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu ɗan asalin lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. A Anacha jama'ar Arewa sun taru a kewayen bakin gadar Kogin Kwara wadda aka buɗe a 1965, a Inugu akwai Gariki, a Fatakwal kuma akwai Diobu da garin Oyigbo da ke maƙwabtaka da ita.

Kafintan da ke irin waɗannan unguwanni yana da kasuwa a ƙofarsa: teburin mai shayi da na mai tsire, benci, kes ɗin mai tireda, akwatunan kaya, kejin kaji, ƙofofi da tagogi, gado da kujeru. Katako ma yana kusa, domin akwai kasuwar Ogbo Osisi a bakin gadar Anacha, da kasuwannin katako na Diobu da Marine Base a Fatakwal, da na Kenyatta da Abakpa a Inugu. Abin da ya fi ƙaranta gare shi shi ne fili da tabbacin zama. Yawanci ɗan haya ne, kuma tarihi ya koya wa mazauna waɗannan unguwanni cewa ana iya tashi ba shiri, kamar yadda ya faru a 1966 da lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da rikicin Anacha na watan Fabrairun 2006, da na Oyigbo a watan Oktoban 2020.

Ta fuskar tattalin arziki, wannan yanayi yana sa mutum ya fifita jarin da za a iya ɗauka a kan jarin da aka kafe a ƙasa. Injuna huɗu daban-daban suna buƙatar babban ɗaki, wayoyi huɗu da babbar mota in an tashi ƙaura. Injin mai ayyuka da yawa yana shiga ɗaki ɗaya, mutum huɗu ko shida na iya ɗora ƙaraminsa a akori-kura, kuma idan buƙata ta taso ana iya sayar da shi a dunƙule. Sai dai wannan sauƙi yana tafe da nasa haɗari, domin ranar da moton ya ƙone, yanka da filenin da huda duk sun tsaya tare.

Kuɗin musaya da farashin injin

Kusan dukkan injunan da kayan gyaransu daga waje suke zuwa, don haka farashinsu yana bin dala. Kafin shirin gyaran tattalin arziki na 1986, dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. A tsakiyar shekarun 1990 gwamnati ta tsayar da ita a kan kimanin naira 22, yayin da a kasuwar bayan fage ta haura naira 80. Wannan ne ya kori sababbin injunan Turai daga hannun ƙananan masu sana'a, ya buɗe ƙofa ga kwancen Turai wanda ake kira tokumbo. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 ta wuce naira 1,500 a farkon 2024.

Manufofin gwamnati sun shafi sana'ar ta wata fuskar kuma. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sanya kayan ɗaki, filawud da ƙofofin katako cikin jerin kayayyaki 41 da aka hana wa dala a kasuwar hukuma, lamarin da ya ba kafintocin gida ɗan sarari, kafin a janye wannan hani a watan Oktoban 2023.

Don haka zaɓi uku ne a gaban mai saye. Kwancen Turai yana da gangar jiki mai nauyi wadda ba ta girgiza, amma sau da yawa motonsa na wuta mai layi uku ne, kuma kayan gyaransa suna wuyar samu. Sabon injin Sin ya fi sauƙin kuɗi kuma wutar gida yake amfani da ita, amma teburinsa gajere ne, jagoransa kuma yana buƙatar a riƙa duba shi. Na uku shi ne ƙirar gida, wanda masu walda da masu sarrafa ƙarfe na Aba, Nnewi da Anacha ke haɗawa. Shi ne mafi sauƙin gyara, domin wanda ya ƙera shi yana kusa, amma ingancinsa ya danganta ne da hannun maƙerin, musamman wajen daidaita nauyin sandar wuƙaƙe yadda ba za ta yi rawa ba idan ta ɗauki gudu.

Matsalar wuta ita ce ta farko

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce mai layi ɗaya, tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta masana'antu kuma wajen bolt 400 ce mai layi uku. Injin da aka kawo daga Amurka an ƙera shi ne domin wuta mai bugu 60. Idan aka sa shi a wutar Nijeriya, moton da ke juyi 3,450 a minti zai dawo wajen 2,875, wato ya rasa kashi ɗaya cikin shida na gudunsa, kuma yakan ɗauki zafi. Saboda haka kwancen Turai ya fi na Amurka dacewa, kuma abu na farko da ya kamata a karanta shi ne ɗan allon ƙarfen da ke jikin moton.

Ga wanda ya sayi injin mai layi uku alhali gidansa layi ɗaya ne, hanyoyi biyu ne suka fi inganci. Ta farko ita ce a cire moton a sa mai layi ɗaya na ƙarfin doki uku, wato kilowat 2.2. Ta biyu ita ce a sa na'urar inbata ta musamman mai karɓar layi ɗaya ta fitar da layi uku, muddin moton na cikin irin waɗanda ake iya sake ɗaure wayoyinsu su karɓi bolt 230. Wannan na'ura tana da ƙarin amfani, domin tana tayar da moton a hankali. Akwai hanya ta uku mai araha, wato a liƙa wa moton kafasita, amma tana rage masa ƙarfi sosai, kuma ita ce takan kai shi wurin masu naɗin waya.

Lokacin tashi, moto yana jan wutar da ta ninka ta aikinsa sau biyar zuwa bakwai na ɗan lokaci. Wannan ne dalilin da ya sa janareta mai kilowat 2.5 ba ta iya tayar da moto mai kilowat 2.2, ko da yake a lissafin takarda kamar ta isa. Ƙa'idar ita ce janaretar ta ninka moton sau biyu zuwa uku. Haka zalika, idan wutar unguwa ta zo da rauni, moto yana ƙara jan wuta domin ya cike giɓin, ya yi zafi har wayoyinsa su ƙone. Rigakafin wannan shi ne a ja wa injin tasa waya mai kaurin milimita 2.5 ko 4 kai tsaye daga mita, a sa masa na'urar da ke yanke wuta idan nauyi ya yi yawa, a kuma binne masa wayar ƙasa.

Akwai wani gyara wanda kuɗinsa kaɗan ne amma ya fi sauran muhimmanci a ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sanarwa. Makunni na gama-gari yana zama a kunne bayan an ɗauke wuta, don haka da zarar ta dawo zarto zai tashi da kansa, wataƙila a lokacin da yaron shago ke share dusa daga bakinsa. Makunni mai maganaɗisu kuwa yana sakin kansa idan wuta ta yanke, kuma injin ba zai tashi ba sai an sake dannawa.

Kuɗin wutar kansa yana cikin lissafi. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin rukunin A, wato masu samun aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 a kan kowace yunit. Moto mai ƙarfin doki uku da ya yi awa huɗu yana aiki yana cin kimanin yunit 10, wato naira 2,250 a wancan farashi. Janareta mai girman da zai ɗauki wannan moto tana shan wajen lita biyu ta fetur a awa. A ƙarshen 2024, lokacin da lita ta kai kimanin naira 1,000 bayan janye tallafin mai a watan Mayun 2023, awa huɗun nan sun kama naira 8,000, wato fiye da ninki uku.

Wasu sukan kauce wa wuta ɗungurungum, su haɗa injin katakon da ƙaramin injin fetur irin na markaɗe ta hanyar bel. Dabarar tana aiki, amma ƙarfin dokin da aka rubuta a jikin injin fetur ba daidai yake da na moto ba, don haka ana buƙatar wanda ya kusa ninka shi. Dole kuma injin fetur ɗin ya zauna a waje, saboda hayaƙinsa yana kisa a rufaffen ɗaki, zafin salansarsa kuma yana iya kunna dusar katako.

Fuli da gudun zarto

Duk wanda ya canza moto ya canza gudun injin, sai fa idan ya sake lissafin fuli. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka juyin moto da faɗin fulinsa, a raba da faɗin fulin da ke kan sandar zarto. Moto mai juyi 2,850 a minti da fuli mai faɗin santimita 14, idan yana juya fuli mai santimita 10, zai ba sandar juyi 3,990. Idan aka maye gurbinsa da moto mai juyi 1,420 ba a taɓa fuli ba, gudun ya ragu da rabi, filenin zai riƙa fitowa da tudu da kwari, zarto kuma ya riƙa cijewa. Idan injin fetur mai juyi 3,600 aka sa, fuli mai santimita 11 ne zai ba da gudun da ya yi daidai da na farko.

Zarto mai faɗin santimita 30 da ke juyi 4,000 a minti, haƙoransa suna tafiyar mita 63 a daƙiƙa, wato fiye da kilomita 220 a awa. Kowane zarto yana da iyakar juyin da aka buga a jikinsa. Wasu kafintoci sukan faɗaɗa ramin tebur su ɗaura zarto mai santimita 40 domin ya ratsa katako mai kauri, amma wannan yana kai gudun haƙoran kusan mita 84 a daƙiƙa, yana ƙara wa moto da boris nauyi, kuma murfin asali ba zai ƙara rufe shi ba. Ramin tsakiyar zarto ma yana da ma'auni: na Turai yawanci milimita 30 ne, na Amurka kuma ya sha bamban, saboda haka sai an sa zoben da ya dace, in ba haka ba zarton zai riƙa yawo a kan sanda.

Boris kuwa abu ne mai lamba. Mai lamba 6205 yana hawa sanda mai milimita 25, mai lamba 6206 kuma mai milimita 30, kuma duk ana samunsu a wurin masu kayan mota. A wurin da dusa ke tashi, mai rufaffen baki ya fi daɗewa.

Katako da damshi

Katakon da ke kasuwannin nan yana fitowa ne daga dazuzzukan Kuros Riba, Edo, Ondo da Delta, kuma ba halinsa ɗaya ba. Obeche da malaina masu taushi ne, ƙaramin injin yana cinsu ba wahala. Afara da mahogani matsakaita ne. Iroko, wanda Hausawa ke kira loko, yana ɓoye wasu dunƙule-dunƙule masu kama da dutse a cikinsa, waɗanda ke dakushe wuƙa nan take. Ekki kuwa nauyinsa ya kai ya nutse a ruwa, kuma bai kamata a tura shi a ƙaramin injin ba. Zarto mai haƙoran kabaid ya fi na ƙarfe zalla tsada, amma yana daɗewa ninki da yawa kafin a kai shi washi. Tsaga ta tsawo tana son zarto mai haƙora wajen 24, yankan gicciye da na filawud kuma mai 60 zuwa 80.

Damshi shi ne abu na biyu. A Fatakwal, inda ruwan sama ke haura milimita 2,000 a shekara, katakon da aka shanya a inuwa yakan tsaya da ruwa kashi 16 zuwa 18 cikin 100 a jikinsa, alhali a Kano lokacin hunturu yana iya sauka ƙasa da kashi 7. Gadon da aka haɗa a Fatakwal aka kai wa amarya a Arewa zai tsuke, mahaɗansa su saki. Ɗanyen katako kuma yana matse zarto, yana toshe wurin fitar dusa, yana sa teburin ƙarfe tsatsa. Maganinsa shi ne a jera katako da 'yan sanduna a tsakani iska ta ratsa shi na wasu makonni, a riƙa goge teburin da kaki maimakon baƙin mai wanda ke ɓata katako, a kuma ɗora injin a kan dakali saboda ambaliyar damina.

Saiti da tsarin aiki

Injin da ba a saita ba yana ɓarnar katako, katako kuwa shi ne mafi tsada a cikin kuɗin kowane aiki. Wuƙaƙen filenin dole su fito daidai da juna, kuma daidai da teburin da katako ke sauka a kansa bayan ya wuce su. Idan sun ɗara teburin, ƙarshen katako zai fito da rami. Jagora, wato ƙarfen da katako ke jingina da shi, ana duba tsayuwarsa da sikwaya kowace safiya, a kuma tabbatar yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da zarto. A katako mai tauri, abin da wuƙa za ta ɗebe a wucewa ɗaya kada ya wuce milimita ɗaya zuwa biyu. Bel kuma idan aka danna tsakiyarsa da yatsa ya kamata ya lotsa kimanin santimita ɗaya.

Babban rashin injin mai ayyuka da yawa shi ne lokaci. Taura biyu ba ta taunuwa: mutum ɗaya ne ke aiki a kansa, aiki ɗaya kuma a lokaci guda. Idan kowane sauyi daga yanka zuwa filenin yana cin minti biyar, kuma aka sauya sau 12 a yini, an yi asarar awa guda. Kafintan da ke son riba yakan tara aikinsa rukuni-rukuni. Mai benci goma zai yanke dukkan katakon a tashi ɗaya, ya yi wa dukkansu filenin fuska da gefe, ya daidaita kaurinsu, ya tsaga faɗinsu, sannan ya huda su. Wannan tsari yana rage yawan tayar da janareta, yana kuma ba da damar a gama aikin injin a 'yan awoyin da aka kawo wuta.

Gyaran da ke jawo asara

A bayan zarto akwai wata siririyar wuƙa marar kaifi wadda ke hana tsagar katako rufewa ta kama haƙora. Idan babu ita, zarto yana iya cillo katakon da ƙarfi zuwa cikin mai aiki, ko ya fizgi hannunsa. Ya kamata ta zauna milimita uku zuwa takwas daga haƙoran. Ita da murfin zarto da na wuƙaƙen filenin su ne abubuwan da aka fi cirewa da sunan sauri, kuma su ne suka fi ɓacewa a jikin kwancen injin. Mai walda yana iya ƙera su da kuɗi kaɗan. A injin mai sanda ɗaya, rufe ɓangaren da ba a aiki da shi wajibi ne, haka kuma tura gajeren katako da sanda maimakon hannu. Babbar riga da hannun riga mai reto ba su da wuri a gaban injin. Kafintan da ya rasa yatsu ya rasa jarin da ba a sayarwa a kasuwa, kuma da wuya a sami mai inshora a cikin masu irin waɗannan shaguna.

Ƙurar katako ma tana da illa. A shekarar 1995 cibiyar binciken cutar sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da ke haddasa cutar, musamman a hanci, ƙurar iroko da mansoniya kuma an san su da tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Ƙarar filenin tana wuce ma'aunin 85 wanda daga shi ne ji ke fara lalacewa. Tun da shagon a cikin gidajen jama'a yake, ƙara da ƙura da tsoron gobara na iya haɗa ɗan haya da mai gida ko maƙwabta, kuma ga baƙo wannan yana iya zama sanadin rasa wurin. Kwashe dusa kullum, wadda masu kiwon kaji ke saye, da tsayar da lokutan kunna injin bisa shawara da maƙwabta, suna cikin kuɗin tafiyar da sana'ar.

Hanyar lissafi

Alƙaluman da ke tafe misali ne domin nuna yadda ake auna lamarin, kowane kafinta zai sa nasa. A ƙaddara injin da janareta da wayoyi da zartuna sun ci naira miliyan ɗaya da rabi. A ƙaddara kuma a duk ranar da injin ya yi aiki, mai shi ya huta da biyan naira 12,000 na ladan masu injin da kuɗin dako, ya kuma kashe naira 8,000 a kan mai, washi da gyara. Abin da ya rage naira 4,000 ne, don haka jarin zai dawo bayan kwanakin aiki 375. Idan injin na aiki kwana 25 a wata, wata 15 ke nan. Idan kwana 10 kawai yake samun aiki, sai an haura shekara uku, kuma kafin nan moto ko boris sun nemi canji.

Abin da wannan ke nunawa shi ne yawan kwanakin aiki ya fi farashin injin tasiri. Duk abin da ya rage kwanakin yana tsawaita lokacin dawowar jari, kamar zaman gida na ranakun Litinin da aka fara a jihohin Kudu maso Gabas a watan Agustan 2021, wanda ya janye wa masu sana'a a Anacha da Inugu kwana huɗu a wata a lokacin da ya yi tsanani. Kafintan da aikinsa bai kai ba ya fi samun sauƙi idan ya ci gaba da biyan lada a kasuwar katako. Wanda ke tsaka-tsaki kuwa yana iya cike giɓin ta hanyar yi wa sauran kafintocin unguwa yanka da filenin a kan lada, ko kuma mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗi su saya tare, su raba ranaku. Wanda aikinsa ya kai ya ɗauki ma'aikata fiye da biyu ya wuce matsayin injin ɗaya, kuma matakinsa na gaba shi ne ya ware zarto daban.

Jari da tallafi

Hanyar samun jari da aka fi sabawa da ita a waɗannan unguwanni ita ce adashi da rancen 'yan'uwa, domin bankuna na neman jingina, da yawa daga masu sana'ar kuma suna ƙyamar kuɗin ruwa. Tun da Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 aka sami tsarin da banki ke sayen kayan aiki ya sayar wa mai sana'a da ribar da aka amince da ita, ya biya kaɗan-kaɗan, tsarin da ya dace da sayen injin. A ɓangaren gwamnati akwai Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa wadda aka kafa a 1986, da Bankin Masana'antu na 2001, da hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta SMEDAN ta 2003. Irin waɗannan hukumomi sun fi saurin hulɗa da ƙungiya mai rajista fiye da mutum ɗaya, abin da ke nuna amfanin kafintocin kowace unguwa su yi wa ƙungiyarsu rajista.

A Inugu akwai cibiyar PRODA da ke Emene, wadda aka kafa bayan yaƙin basasa domin ƙera injuna da kayan gida. Idan irin wannan cibiya, tare da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, suka fitar da ma'auni guda na ƙaramin injin katako, wanda ya tanadi makunni mai maganaɗisu, wuƙar bayan zarto, murafu da boris mai lambar da ake samu a kasuwa, maƙeran Aba, Nnewi da Anacha za su sami abin bi, mai saye kuma zai san abin da zai duba kafin ya miƙa kuɗinsa.

Kafin a kai ga haka, nauyin yana kan kafintan. Abin da ya kamata ya yi kafin ciniki shi ne ya rubuta kuɗin da yake kashewa a wurin masu injin na tsawon wata uku, ya sa mai aikin wuta ya auna masa ƙarfin wutar shagonsa da safe da yamma, ya ji ta bakin mai gida, sannan ya ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da ya tanada domin wayoyi, makunni, murafu da zartuna, ya sayi injin da abin da ya rage.